Rayuwar Tsarkaka: Waliyyi Damiyan na Molokai, Firist Mai Cika Alkawari



A ranar 10 ga watan Mayu na kowace shekara Ikilisiya tana tunawa da Waliyyi Damiyan, firist ɗan ƙasar Beljiyam wanda ya yi shekara 16 yana zaune tare da kutare a wani tsibiri mai suna Molokai, har cutar ta kama shi ya mutu a cikinsu. Yawancin tsarkaka a ranar mutuwarsu ake tunawa da su. Shi kuwa ranar da ya sauka daga jirgin ruwa ya taka wannan wuri ita aka keɓe masa. Mun ga ya dace mu kawo muku labarinsa a wannan fitowa, gama Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kowannenmu kuwa yana ɗauke da nasa, ko na baftisma, ko na aure, ko na firistanci, ko na bashin da muka ce za mu biya bayan girbi.

Haihuwarsa da kiransa

An haife shi ranar 3 ga Janairu 1840 a ƙauyen Tremelo cikin ƙasar Beljiyam, aka raɗa masa suna Yusufu De Veuster. Shi ne na bakwai a cikin 'ya'yan gidansu. Ubansa manomi ne mai cinikin hatsi, gidan kuwa gida ne na addu'a, har 'yan'uwansa mata biyu suka zama Sistoci, wansa Auguste kuma ya shiga Ƙungiyar Tsarkakan Zukatan Yesu da Maryamu, inda aka san shi da suna Fada Pamphile. Yusufu ya bar makaranta yana da shekara 13 domin ya taimaki ubansa a gona. A can ya sami ƙarfin jiki, ya kuma saba da aikin hannu, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya.

Nufin ubansa shi ne ya gaje shi a ciniki, saboda haka ya aike shi ya koyi Faransanci. Amma zuciyar saurayin tana wani wuri. A shekarar 1859 ya bi sawun wansa zuwa gidan ƙungiyar a birnin Leuven, ya ɗauki sunan Damiyan, sunan wani likita na zamanin dā wanda ya ba da ransa saboda bangaskiya. Da farko shugabanni ba su ga alamar zai iya karatun firist ba, domin bai san Latin ba. Wansa ya zauna ya koya masa, shi kuma ya dage har suka sake shawara.

Ranar 7 ga Oktoba 1860 ya ɗauki wa'adinsa uku a birnin Paris: talauci, zaman tsarki ba aure, da biyayya. Bisa ga al'adar ƙungiyar a wancan zamani, mai ɗaukar wa'adi yakan kwanta rubda ciki a gaban bagade, a lulluɓe shi da baƙin mayafin da ake rufe akwatin gawa da shi, alamar cewa ya mutu ga son kansa, ransa kuma ya zama na Kristi. Damiyan yana da shekara 20 a ranar. Bai manta da wannan mayafi ba, ya kuma tuna da shi bayan shekara 13 sa'ad da aka nemi wanda zai tafi wurin kutare.

A madadin wansa

A 1863 aka zaɓi Fada Pamphile ya tafi aikin mishan a tsibiran Hawayi da ke tsakiyar Tekun Fasifik. An riga an biya kuɗin jirgi sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi. Damiyan, wanda bai gama karatu ba tukuna, ya rubuta wa babban shugaban ƙungiyar yana roƙo a bar shi ya tafi a madadin wansa, aka kuwa yarda. Ya yi bankwana da iyayensa, bai kuma sake ganinsu ba har abada, domin bai ƙara taka ƙasar Turai da ransa ba.

Bayan wata huɗu da ɗoriya a kan teku, jirginsu ya isa Honolulu ranar 19 ga Maris 1864. Ranar 21 ga Mayu na wannan shekara aka keɓe shi firist. Ya yi kimanin shekara tara yana hidima a babban tsibirin Hawayi, yana yawo a ƙafa da kan doki daga ƙauye zuwa ƙauye, yana gina ƙananan majami'u da hannunsa. Ya koyi harshen mutanen, su kuma suka kira shi Kamiano, yadda bakinsu ya iya faɗin sunansa.

Dokar ware kutare

A lokacin nan Hawayi ƙasa ce mai sarkinta. Jiragen baƙi sun kawo mata cututtukan da mutanenta ba su taɓa sani ba, kamar agana da ƙyanda, suka hallaka jama'a da yawa. Da kuturta ta soma yaɗuwa sai tsoro ya kama hukuma. A 1865, zamanin Sarki Kamehameha na Biyar, aka kafa dokar ware duk wanda aka samu da cutar, a farkon 1866 kuma aka fara kwashe su zuwa wani yanki na tsibirin Molokai da ake kira Kalaupapa. Teku ya kewaye wurin ta gefe uku, ta gefe na huɗu kuwa dutse ne a tsaye mai tsawon kimanin mita 500. Wanda aka kai can ba ya komowa. An raba miji da mata, an ƙwace yara daga hannun iyaye, kafin a soke dokar kuwa mutanen da aka kai wurin sun kai wajen 8,000.

Hukuma ta zaci marasa lafiyan za su noma abincinsu da kansu, ba ta yi la'akari da cewa cutar tana cinye yatsu da ƙafafu ba. Abinci da magani suka yi ƙaranci, masu ƙarfi suka danne raunana, waɗansu suka mutu ba mai ba su ruwa. Duk da haka ba za mu ce babu masu tsoron Allah a wurin kafin zuwan Damiyan ba. Akwai masu lafiya da suka bi mazansu ko matansu da son ransu domin su yi jinyarsu. 'Yan'uwanmu Furotesta daga cikin marasa lafiyan sun riga sun kafa majami'arsu. Katolika ma suna da ƙaramin coci mai sunan Waliyyiya Filomina, sai dai ba su da firist mai zama tare da su, sai wanda ya leƙo ya koma.

Ya roƙa a bar shi

A watan Mayu 1873 Bishop Louis Maigret ya tara firistocinsa ya faɗa musu damuwarsa game da mutanen Molokai. Bai so ya umarci kowa bisa ga wa'adin biyayya ba, domin ya san abin da umarnin zai iya jawowa. Firistoci huɗu suka miƙa kansu, aka shirya za su riƙa karɓar juna bayan 'yan watanni. Damiyan ne ya fara tafiya, yana da shekara 33, a cikin waɗanda aka kai can kuwa akwai mutanen da shi da kansa ya yi wa hidima a babban tsibiri. Ya sauka ranar 10 ga Mayu, ba shi da ɗaki, sai ya yi makonni yana kwana a gindin wata bishiya kusa da cocin.

A nan ne ya kamata mu lura da kyau. Abin da aka ɗora masa 'yan watanni ne kawai, da ya cika su ya koma da ba wanda zai zarge shi. Amma cikin 'yan kwanaki ya gane cewa mutanen da aka yashe har abada ba za su saki jiki da makiyayi mai ƙirga ranar tafiyarsa ba. Ya rubuta wa shugabansa cewa a shirye yake ya ba da sauran ransa a wurin, marasa lafiyan su ma suka roƙa a bar musu shi. Shugabanni suka amince. Daga ranar nan maganar karɓa-karɓa ta ƙare.

Aikin kowace rana

Ɗaukar alkawari bai ci masa fiye da takarda ɗaya ba. Cika shi ne ya ci shekara 16, kuma yawancin kwanakin nan ba su da wani abin mamaki a cikinsu. Da safe ya yi Mas, sa'an nan ya bi gida gida yana wanke miyaku yana ɗaure su. Ya ɗauki zarto da guduma, shi da waɗanda ke da sauran ƙarfi suka gina ɗakunan katako a maimakon bukkokin da iska ke kwashewa. Suka ja ruwa da bututu daga kwari zuwa cikin gari. Ya kafa gidan marayu na yara maza da na mata. Ya tara mawaƙan coci da masu busa, ya sa aka yi gonaki, ya yi ta damun Hukumar Lafiya da takardu a kan abinci da tufafi da magani.

Abin da ya fi taɓa zuciyar mutanen shi ne yadda ya ɗauki matattu. Kafin zuwansa akan binne matalauci a rami marar zurfi, har dabbobi su tone. Damiyan ya shinge makabarta, ya kafa ƙungiyoyin jana'iza, ya ƙera akwatunan gawa masu yawa da hannunsa, sau da dama kuma shi ne mai haƙa kabarin. Mai rai da ya ga an binne ɗan'uwansa da daraja ya san shi ma ba za a jefar da shi ba.

Kada mu zaci abin ya zo masa da sauƙi. Warin miyaku ya dame shi ƙwarai da farko, har wani lokaci yakan fita waje ya sha iska a tsakiyar hidima, ya kuma koyi shan lofe domin hayaƙin taba ya rufe warin. Amma ya ƙi yin nesa da su. Yakan sa hannu cikin ƙwarya ɗaya da su a ci abincinsu da ake kirɓawa daga gwaza, ƙofar ɗakinsa a buɗe take ga kowa, tun shekararsa ta fari kuma yakan lissafta kansa cikin kutare sa'ad da yake wa'azi. Ya karanta a cikin Bishara ta hannun Markus, sura ta fari, yadda Ubangijinmu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, ya kuwa ɗauki wannan a matsayin umarni gare shi.

Nauyin kayan

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne kaɗaici. Shekaru da yawa ba shi da ɗan'uwa firist a kusa da zai furta masa zunubansa. A shekararsa ta fari Hukumar Lafiya ta hana shi fita daga wurin. Wata rana jirgi ya tsaya a bakin teku da shugabansa a ciki, mai jirgin kuwa ya ƙi barin shugaban ya sauka, ya kuma ƙi barin Damiyan ya hau. Sai Damiyan ya shiga kwalekwale ya matso kusa da jirgin, ya ɗaga murya ya furta zunubansa da Faransanci, fasinjoji suna kallo, aka ba shi gafara daga bisa jirgin. Mu da firist yake jiranmu kowace Asabar muna ja da baya, ya kamata wannan ya ba mu kunya.

Ba za mu ɓoye muku halinsa ba, domin Ikilisiya ba ta ɓoye shi ba. Damiyan mutum ne mai taurin kai da saurin fushi, maganarsa kuma ba ta da laushi koyaushe. Ya yi saɓani da ma'aikatan hukuma, da waɗansu firistocin da aka aiko su taimake shi, har da shugabanninsa. Sa'ad da jaridun duniya suka fara yabonsa, kyautai suka riƙa zuwa daga nesa, har wani limamin Anglikan a Landan ya tara masa kuɗi mai yawa, sai waɗansu daga cikin shugabanninsa suka zarge shi da neman suna. Wannan ya yi masa zafi fiye da miyakun jikinsa. Duk da haka bai karya wa'adin biyayya ba, bai kuma mai da ɓacin rai hujjar barin mutanensa ba. A 1881 Gimbiya Liliuokalani ta ziyarci wurin, abin da ta gani ya girgiza ta, daga baya masarauta ta ba shi lambar girma. Ya karɓa ya ajiye, ya koma kan aikinsa.

Cutar ta kama shi

Wajen ƙarshen 1884 ya sa ƙafarsa cikin ruwan zafi, fatar ta sale, amma bai ji zafi ba. Ya san ma'anar wannan fiye da kowa. A 1885 likita ya tabbatar cewa kuturta ce. A zamanin nan akwai masu cewa cutar sakamakon lalata ce, saboda haka bayan ciwo ya sha kunyar zargi da bincike, ba a kuwa sami kome a kansa ba. A 1886 ya je Honolulu na 'yan kwanaki domin ya ga wata hanyar jinya da wani likita ɗan Japan yake gwadawa, ya komo da ita domin mutanensa. Ya sanar da abokansa cewa ba zai karɓi warkewa ba in sharaɗinta shi ne ya bar tsibirin.

Da ya ga kwanakinsa sun ƙure sai ya ƙara himma, yana ƙara faɗin coci yana gina ɗakunan marayu, fuskarsa ta kumbura, muryarsa ta dushe. Damuwarsa ɗaya ce: wa zai riƙe yaran bayansa? Allah kuwa ya amsa. A 1886 Joseph Dutton, tsohon soja daga Amurka, ya zo ya miƙa kansa. A 1888 Fada Conrardy, ɗan ƙasarsu, ya iso, ya zama ɗan'uwa firist ɗin da ya daɗe yana roƙo. A watan Nuwamba na shekarar nan Uwa Marianne Cope ta sauka tare da Sistoci biyu na ƙungiyar Waliyyi Faransis, ta kuwa yi masa alkawari za ta kula da yaransa.

Mutuwarsa

Ranar 23 ga Maris 1889 ciwo ya kwantar da shi. Ranar 30 ga wata ya furta zunuban dukan rayuwarsa, ya kuma sabunta wa'adin nan uku da ya ɗauka a Paris yana saurayi. Bayan 'yan kwanaki aka shafe shi da man marasa lafiya. Ya huta ranar 15 ga Afrilu 1889, Litinin ta Mako Mai Tsarki, yana da shekara 49. Mutanensa suka binne shi a gindin bishiyar da ya fara kwana a ƙarƙashinta.

Ko bayan mutuwa bai tsira daga bakin mutane ba. Wani mai wa'azi a Honolulu ya rubuta takarda yana ɓata sunansa, aka buga ta a jarida. Marubucin nan Robert Louis Stevenson, wanda ba Katolika ba ne amma ya ziyarci Molokai jim kaɗan bayan rasuwar Damiyan, ya mai da masa amsa a fili a 1890, amsar kuwa ta ƙara sanar da duniya labarin. A 1936 aka ɗauke gawarsa zuwa Leuven bisa ga roƙon ƙasar Beljiyam. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sanar da shi Mai Albarka ranar 4 ga Yuni 1995, a shekarar nan kuma aka mai da ƙasusuwan hannunsa na dama zuwa kabarinsa na fari a Molokai. Paparoma Benedict na Sha Shida ya sa shi cikin jerin tsarkaka ranar 11 ga Oktoba 2009.

Waɗanda suka yi masa alkawari su ma sun cika. Uwa Marianne ta zauna a Kalaupapa har ta rasu a 1918, Ikilisiya kuma ta sanar da ita waliyyiya a 2012. Dutton ya yi shekara 44 yana riƙe da yaran, sai a 1930 tsufa da ciwo suka fitar da shi.

Abin da ya rage gare mu

Da fari, game da cutar kanta. A shekarar da Damiyan ya sauka Molokai, wato 1873, wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar da ke kawo kuturta. Daga wajen 1941 aka fara samun maganin da ke kashe ta, a 1969 kuma Hawayi ta soke dokar warewa. Yau kuturta tana warkewa da haɗin magunguna cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da su kyauta. Ba gado ba ce, ba la'ana ba ce, yawancin mutane ma jikinsu ba ya kamuwa da ita. Wanda ya ga tabo a fatarsa da ba ya jin taɓi, ya hanzarta zuwa asibiti kafin ta taɓa yatsu. Wanda ya warke kuwa ɗan'uwanmu ne, wurin zamansa a coci yana kusa da namu.

Na biyu, game da alkawari. Ba a kira yawancinmu zuwa wani tsibiri ba, amma kowannenmu ya taɓa tsayawa a gaban bagade ya buɗe baki. Ku ma'aurata kun yi alkawarin riƙon juna cikin lafiya da ciwo, lokacin cikawa kuwa shi ne ranar da ciwon ya zo, ko haihuwa ta yi jinkiri dangi suka fara kawo shawara. Ku iyayen baftisma kun amsa cewa za ku taimaka a goyi yaro cikin bangaskiya. Yaushe rabonku da tambaya ko yana zuwa katekisim? Akwai waɗanda suka miƙe a ranar godiyar kaka suka faɗi abin da za su bayar domin ginin coci, aka tafa musu, har yau katekis yana riƙe da sunansu a littafi. Akwai mai bashin buhun masara tun bara, yana sauya hanya in ya hango mai shi. Mu firistoci ma ba mu fita ba, gama kowace shekara cikin Mako Mai Tsarki muna sabunta alkawaranmu a gaban Bishop, mun kuwa san yadda zuciya take yin sanyi sa'ad da aka tura mu wani ƙauye mai nisa da ba mu zaɓa ba.

Ubangijinmu ya ba da misalin 'ya'ya biyu a cikin Matiyu sura 21, ɗaya ya amsa wa ubansa da ladabi amma bai je gona ba, ɗayan ya ƙi da baki daga baya ya tuba ya tafi, shi ne kuwa ya yi nufin uban. Saboda haka wanda ya riga ya saɓa kada ya fid da zuciya, ƙofa tana buɗe. Muna roƙon kowane mai karanta wannan ya zauna cikin makon nan ya tuna da alkawari guda ɗaya da ya bari a hanya. In na kuɗi ne, ya kai abin da ya samu, ya faɗi ranar da zai kawo saura. In ya tabbata ba zai iya ba, ya je da ƙafarsa ya faɗi gaskiya ya nemi gafara, domin wannan ya fi ɓuya. Nan gaba kuma mu auna kaya kafin mu ɗauka.

Bari Allah, wanda bai taɓa ta da alkawarinsa ga mutanensa ba, ya ba mu alherin riƙe namu har ƙarshe. Waliyyi Damiyan na Molokai, ka yi addu'a dominmu, da dukan marasa lafiya da masu jinyarsu. Amin.